Kafin Ka Ce "Na Saya": Abubuwan Dubawa Wajen Sayen Mota

Duk wanda ya taɓa shiga wurin masu sayar da motoci da kuɗi a aljihu ya san yadda zuciya take yi. An wanke su an jera, tayoyi sun sha mai sai ƙyalli suke, dillali ya buɗe maka ƙofa ya kunna AC ya ce, "Alhaji, wannan ai da kai ta dace." A daidai wannan lokacin ne mutane da yawa suke yin tsalle ɗaya su faɗa rijiya. Kuɗin da za ka miƙa ranar ciniki, komai yawansu, sau ɗaya ne. Mota kuwa tamkar doki take, bayan saye akwai harawa da dusa kullum ta Allah. Shi ya sa aikin sayen mota a gida yake farawa, da biro da takarda, tun kafin ka taka wurin kowane dillali.

Da farko, wace "sabuwa" kake nufi?

A wurinmu kalmar tana ɗauke da abu uku. Akwai sabuwa dal wadda ba wanda ya taɓa hawa, kujerunta a leda, daga kamfani ko wakilinsa. Akwai wadda aka hau a Amurka ko Turai ko Dubai sannan aka yo safararta, wadda muke kira 'yar Kwatano ko Baljiyam, 'yan kudu kuma su ce tokumbo. Sai ta hannu, wadda wani ya yi mata lamba ya hau a nan gida. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, sabuwa dal ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa, don haka mafi yawanmu idan muka ce "na yi sabuwar mota" ɗaya daga cikin biyun ƙarshe muke nufi. Matakan da ke tafe sun shafi duka ukun, inda suka rabu zan faɗa.

Mataki na ɗaya: wane aiki za ta yi maka?

Zauna ka rubuta hanyoyin da kake bi a mako. Mai zirga-zirga tsakanin gida da ofis a cikin Kano ko Abuja buƙatarsa dabam da ta wanda duk Juma'a sai ya shiga ƙauye ta hanyar burji, damina ta zo laka ta kai gwiwa. Na biyun yana buƙatar mota mai tsayi daga ƙasa, in ba haka ba tukunyar baƙin mai da salansa kullum suna gugar dutse. Ka ƙirga iyali da gaskiya. Mai mata biyu da yara bakwai idan ya ɗauki Corolla ya ɗora wa kansa sawu biyu duk safiya zuwa makaranta, irinsa Sienna ce ta dace da shi ko da ba ta burge shi ba. Haka kuma idan uwargida ce za ta fi tuƙawa, to da ita za a je gwaji, ita za ta zauna ta ji ko tana hango gaban motar sosai.

Mataki na biyu: lissafin ciyar da ita

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, shan mai ya zama tambaya ta farko. Ga yadda ake lissafin. A ce kana yin kilomita 40 a rana, wato kusan 1,200 a wata. Ƙaramar mota mai silinda huɗu da ke shan lita 8 a kowace kilomita 100 za ta ci lita 96. Jif mai silinda shida da ke shan lita 14 a cunkoson gari za ta ci lita 168. Tsakaninsu lita 72 ke nan. In mun ƙaddara lita tana naira 900, ka ga naira 64,800 duk wata, a shekara sun haura dubu ɗari bakwai da saba'in. Wannan bambanci ne kawai, ba jimillar kuɗin man ba.

Ɗora juyen baƙin mai, da tayoyi, da batir wanda zafinmu ba ya barinsa ya daɗe, da sabunta takardu duk shekara. Inshorar dole, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da ita naira 15,000 ga motar gida tun daga Janairun 2023, tana kuma ɗaukar asarar dukiya har naira miliyan 3. Cikakkiyar inshora kuwa, wadda ta haɗa da motarka kanta, daga kashi 5 cikin ɗari na darajar motar take farawa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar gargajiya ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci.

Shawarata, kada ka zuba duk abin da ka tara a kan farashin mota. In miliyan goma gare ka, nemi ta takwas da rabi ko tara. Ragowar za su tafi a lamba da inshora da gyaran farko, wanda babu 'yar Kwatanon da ke tsallake shi. Na sha ganin mota mai tsada a kafe a ƙofar gida an lulluɓe ta da tampol, ba don ta mutu ba, sai don mai ita ba shi da kuɗin abu ɗaya da ya lalace.

Mataki na uku: je kasuwar kayan gyara kafin kasuwar mota

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali yini guda kawai zai ci maka. In a Kano kake shiga Ƙofar Ruwa, in Kaduna ne Panteka, in Abuja ne Apo. Tambayi kuɗin abubuwa biyar na motar da kake so: shok, famfon mai, fitilar gaba, giyabos, da injin gaba ɗaya. In mai shago ya miƙa hannu ya ɗauko maka nan take, alama ce mai kyau. In ya ce sai an aika Ladipo a Legas, ko sai an yi oda daga waje, to ka san abin da ke jiranka.

Ba banza ba Corolla da Camry da Honda Accord da Fijo 406 suka cika titunan Arewa. Kowane gari akwai bakaniken da ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba ka rasa mai saye. Vibe ma da ake ta rububinta, kamfanin Pontiac da ya fito da ita ya daina aiki tun 2010, abin da ya riƙe ta shi ne injinta da yawancin kayanta na Toyota Matrix ne. Amma kowace tana da lagonta, sai ka tambaya. Camry mai silinda huɗu ta wajen 2007 zuwa 2009 an san wasunsu da shan baƙin mai. Tsofaffin Accord kuwa ƙafar gaba ake sa wa ido. Motocin Jamus akwai daɗin tuƙi da nauyi a kan titi, sai dai ba sa yafe wa wanda ya jinkirta sabis ko ya zuba musu man da ba nasu ba.

Ka kuma tambayi irin giyar. Yawancin ƙananan motoci na shekarun baya-bayan nan giyarsu irin wadda ake kira CVT ce, tana da manta na musamman. Aka zuba mata man giya na gama-gari, ta tafi ke nan.

Mataki na huɗu: takardu kafin fenti

Nan zan daɗe, domin inji idan ya lalace ana gyarawa, takarda idan ta lalace motar ce gaba ɗaya take fita daga hannunka.

Kowace mota tana da lambar jiki, wadda ake kira lambar casis ko VIN, mai haruffa da lambobi 17. Za ka gan ta ta cikin gilashin gaba a ƙasa ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, a wasu motocin kuma an buga ta a ƙarfen jiki. Duba su duka, su zo ɗaya, kuma su dace da abin da ke cikin takardu harafi da harafi. In ka ga alamar walda ko kankara ko sabon fenti a kewayen lambar, yi sallama ka tafi, ba sai ka ji bayani ba. Babu harafin I ko O ko Q a lambar gaskiya. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, W Jamus, K Koriya, L Sin, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada.

A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, harafi na goma shi ne shekarar motar. 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, a haka har L 2020. Wannan ɗan sanin yana ceton miliyoyi, saboda yanzu an ƙware wajen sauya wa mota fitilu da bamba da fuska a mayar da ta 2010 kamar ta 2015. Ba laifi ba ne in an faɗa maka kuma an sayar maka a farashin shekararta ta gaskiya. Laifin shi ne a ɓoye.

In daga Amurka ta fito, sa lambar a intanet. Da yawa daga motocin da ake kawowa gwanjon kamfanonin inshora ne, a wuraren gwanjo irin su Copart da IAA, kuma sau da yawa hotunan motar ranar gwanjo suna nan, za ka ga inda ta daku da idonka. Rahoto irin na Carfax kuma, da 'yan kuɗi kaɗan, yana nuna nisan da ta yi da haɗurran da aka rubuta mata. Motar da aka daka ta baya aka gyara da kyau ana iya saye in farashi ya sauka. Wadda ta daku ta gaba har balan-balan ɗin kariya suka fashe, ko wadda ambaliya ta shanye, ni ba na ba kowa shawarar ya kusance ta. Ka kuma lura agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita 1.6, don haka 120,000 da ka gani kusan kilomita 193,000 ne.

Sai takardar kwastam. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, kuma tun daga lokacin motocin da aka bi da su ta daji, ko aka biya musu rabin kuɗin fito, suka yawaita da takardun bogi. Kada ka tsaya a kan ganin takarda mai tambari. Ɗauki kwafi ka kai ofishin kwastam mafi kusa da kai su duba a kwamfuta cewa an biya, kuma wa wannan motar aka biya. Wani ɗan'uwana ya sayi mota a hannun wani dillali, ya yi shekara biyu yana hawa lafiya lau, ranar da ya ɗauki iyali zuwa biki aka tsayar da su a hanya, aka duba aka ga takardar ta wata mota ce dabam. Dillalin ya daɗe da sauya lambar waya. Abin da ya biya kafin motar ta dawo hannunsa ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta, ban da kunyar tsayuwa da mata da yara a bakin titi.

In ta hannu ce, nemi shaidar mallaka da lasin mota da takardar lafiyar mota ta VIO da inshora, sannan ka duba lambar a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ka ga ko ta wannan motar ce. Sunan da ke jikin takardu shi ne wanda za ka yi magana da shi, ko da ta waya ne. In an ce ya yi tafiya, ko ya rasu, to a kawo takardar wakilci ko yardar magada a rubuce. Motar gado da ɗaya daga cikin 'ya'ya ya sayar shi kaɗai rigima ce ka saya.

Abu ɗaya kuma: tun 1972 muke tuƙi ta hannun dama, doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Akwai waɗanda aka sauya musu sitiyari bayan an shigo da su. Bakanike yana gane su daga ganin ƙarƙashin dashbod da yadda wayoyi suka bi, kuma haɗari ne a kan babbar hanya.

Mataki na biyar: duba jiki, da bakanikenka

Naka, ba wanda dillali ya kira ba. Ka biya shi kuɗin aikinsa tun daga gida, ka gaya masa ko an saya ko ba a saya ba haƙƙinsa yana nan, don kada ya zama yana jiran wani abu daga ɗaya ɓangaren. Ku je da safe, da hasken rana, kafin a tayar da injin. Inji mai ciwo da sanyi yake tona kansa, in ya yi zafi sai ya ɓoye.

Ku tsuguna a kusurwar mota ku kalli gefenta a tsaye. Fentin da aka sake ba ya zama ɗaya da na kamfani, tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet ma takan bambanta. Ƙaramin maganaɗisu yana nuna inda aka cike da fila, domin ba ya kamawa da kyau a wurin. A buɗe bonet a duba ƙarafan gaba biyu da injin ke zaune a kansu, in an miƙar da su ko an yi walda, ta daku sosai. Don gano wadda ruwa ya ci, a ɗaga kafet, a leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, a cire safaya a duba laka a raminta, a ja bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai shatin ruwa. Ƙamshin turare mai yawa a cikin motar sayarwa shi kansa abin tambaya ne.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun dashbod, ta inji da ta birkin ABS da ta balan-balan, dole su kama duka, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta. Daga nan a sa kwamfutar duba mota, kusan duk motar da aka yi wa Amurka daga 1996 tana da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga abu kamar madara, ruwa yana haɗuwa da mai. A kalli hayaƙi: shuɗi alamar ƙona baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga, baƙi kuma man fetur ne ya yi yawa. A duba salansa ko an kwashe abin tace hayaƙin nan da bakanikai ke kira indomi, domin rashinsa yana kunna fitilar inji, sabo kuma da tsada.

Tayoyi suna da ranar haihuwa. A gefensu bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. FRSC tana gargaɗi a kan tayar da ta haura shekara huɗu, kuma taya mai zane rangaɗau tana iya zama tsohuwa. Wanda ya taɓa bin hanyar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, kwalta na tiriri, ya san abin da tsohuwar taya take yi.

Mataki na shida: tuƙa ta da kanka

Zagayen layi ɗaya bai isa ba. Kashe rediyo, ka hau titi mai kyau ka taka har giya ta shiga duka, ka ji ko tana fizga ko jinkiri. Ka bi hanya mai gargada ka saurari ƙafafu. Taka birki da ƙarfi a wurin da ba kowa, ka ga ko tana ja gefe. Sannan ka tsaya minti goma inji na aiki AC a kunne, idonka a kan allurar zafi. Mai motar da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

In sabuwa dal za ka saya

Kai an ɗauke maka yawancin wahalar da ke sama, amma akwai taka. Babbar riba ita ce garanti, wanda galibi shekara uku ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga zuwa, wasu kamfanoni kuma har shekara biyar. Tambayi abu biyu a rubuce: me garantin ya ɗauka, kuma ina ne wurin sabis ɗinsu mafi kusa da kai? Yawanci sharaɗin shi ne su za su riƙa yi mata sabis, in ka kai ta garejin unguwa garanti ya faɗi. Mutumin Gusau da wurin sabis ɗinsa ke Abuja sai ya sa kuɗin wannan tafiyar a lissafi. Sabuwar da wani ɗan kasuwa ya ɗauko da kansa daga Dubai tana iya fin sauƙi, sai dai ba lallai wakilin kamfani a nan ya karɓi garantinta ba.

Motocin Sin irin su GAC da Chery da Changan sun shigo da farashi mai sauƙi da kayan zamani, akwai kuma waɗanda ake harhaɗawa a gida, kamar Innoson a Nnewi da Fijo na Dangote a Kaduna, garin da tun 1975 aka san shi da harhaɗa Fijo. Ban ga dalilin raina su ba. Ma'aunin dai shi ne na mataki na uku: kayan gyara, bakanike, da nawa za a taya ta bayan shekara huɗu. Mai sha'awar mota mai amfani da iskar gas ta CNG ko mai lantarki kuwa, ya fara ƙirga wuraren sha ko caji da ke kan hanyoyinsa na yau da kullum.

Mataki na bakwai: ciniki da biya

Ka zaga wuri uku ko huɗu kafin ka taya. Duk aibin da bakanike ya gano, a sa masa kuɗi a cire daga farashi. "Akwai wanda zai zo da kuɗi da yamma" magana ce da kowa ya sha ji, kada ta ɗaga maka hankali. A yanke la'ada tun kafin sallama, nawa ce kuma wa zai biya. Kada ka ba da kafin alƙalami a kan motar da aka ce tana kan ruwa ko tana tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, hoto kawai ka gani, wannan cinikin biri a sama ne.

Biya ta banki, cikin asusun da sunansa ya dace da mai sayarwa, ka rubuta dalilin biyan. A yi yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da lambar casis da lambar inji da farashi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, ka karɓi kwafin katin shaidarsa. Ko ɗan'uwa ne ko aminin mahaifinka a rubuta, ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka. In ta banki za ka bi, bankuna irin su Jaiz da TAJ suna da tsarin murabaha, su sayi motar su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Nemi jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, da abin da zai faru in albashi ya yi jinkiri.

Makon farko

Karɓi makulli biyu in akwai, da jak, da safaya mai iska. Kafin kowace doguwar tafiya a juye baƙin mai da matacinsa, a sa wanda littafin motar ya ambata, a canja matacin iska domin ƙurar hunturu ba ta raga masa, a cika lagireto da ruwansa na musamman maimakon ruwan rijiya. In wani ya ce a cire abin daidaita zafin inji a haɗa fanka kai tsaye wai don motar ta saba da zafinmu, kada ka yarda, hakan ƙara mata shan mai yake yi. Sannan ka je ofishin lasin da ƙafarka ka mayar da takardu sunanka, in gilashinta mai duhu ne ka nemi izinin 'yan sanda, ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, kwafi a mota, na asali kuma a gida.